Minti Goma Kafin A Hau Gini



Da wuya a samu gida a unguwanninmu da ba shi da wani a wurin gini. In ba miji ba ɗa, in ba ɗa ba ƙani, ko yaron maƙwabta da kike aika wa ɗumame da safe. Wani birkila ne, wani kafinta, wani mai lanƙwasa rodi, wani kuma lebura mai ɗaukar kwanon kankare a ka tun safe har la'asar. Mukan yi musu addu'a in za su fita, mu karɓi kuɗin cefane in sun dawo. Abin da ke faruwa tsakanin fitar da dawowar kuwa, kaɗan ne a cikinmu suka sani.

Ni malamar firamare ce, shekara 16 ina koyar da 'yan aji uku. Maigidana foman ne, wato shi ke kula da ma'aikata a wurin gini, ya raba musu aiki, ya duba abin da suka yi. Labarin da zan ba ku na minti goman farko ne na ranar aikinsu, da yadda aikina na aji ya shiga cikinsa ba tare da na taɓa taka bene ba.

A manyan kamfanonin gini akwai al'adar tara ma'aikata kowace safiya kafin a taɓa aiki, a yi musu bayani a kan haɗarin da ke gabansu. Turawa suna kiranta da sunan da ke nufin hirar bakin akwatin kayan aiki, saboda a tsaye ake yinta, kowa da kayansa a hannu. Shekara uku da suka wuce ɗan kwangilar da maigidana ke wa aiki ya samu wani bene mai hawa huɗu, masu ginin suka sa sharaɗin sai an riƙa yin wannan taro. Aka miƙo wa maigidana takardu masu kauri da Turanci, aka ce ya riƙa karanta shafi ɗaya kullum, ma'aikata su sa hannu ko su dangwala, ya ɗauki hoton takardar ya tura ofis ta WhatsApp.

Haka ya yi ta yi. Yana karantawa yana fassarawa, wani na ɗaure igiyar wando, wani idonsa na kan mai koko kada ta tashi, wani na lissafin kwano nawa ya rasa a tsayuwar nan. In ya gama ya ce, "Kun gane?" Su amsa baki ɗaya, "Mun gane, oga." A sa hannu, kowa ya kama gabansa.

Wata Laraba wani yaro ɗan shekara 19 ya jingina tsani a kan ƙasa mai tsakuwa, ya hau da bulo a kafaɗa. Tsanin ya zame. Allah ya yi da sauran kwana, amma ya karye a cinya da wuyan hannu. Sunansa yana kan takardar safiyar ranar, da dangwalensa. Shafin da aka karanta musu kuwa a kan yadda ake amfani da tukunyar kashe gobara ne, alhali babu ko ɗaya a wurin.

Maigidana ne ya je ya faɗa wa mahaifiyar yaron. Ya ce ba ta yi kururuwa ba, ba ta zagi kowa ba. Tambaya ɗaya ta yi masa: "Duk yawanku babu wanda ya riƙe masa tsanin?" Daren nan bai iya cin tuwo ba. Can sai ya dube ni ya ce, "Malama, ke yaya kike yi yara saba'in su saurare ki?"

Na ce masa ai ba sa saurarena in na tsaya ina karanta littafi. Muka kwana muna wannan magana, kuma daga nan abubuwa suka fara canzawa ɗaya bayan ɗaya.

Abu na farko da ya yi shi ne ajiye jerin shafukan. Yaro ba ya riƙe darasi biyar a zama ɗaya, babba mai yunwa da rana a kansa ma haka. Sai ya koma magana ɗaya kullum, kuma a kan aikin ranar. Ranar haƙa, maganar rami. Ranar zuba dakin, maganar gefen bene da katakon da ke tallafe da shi. Ranar da masu walda za su zo, maganar wayar wuta da ruwan da ke kwance a ƙasa. Ba sai an yi dogon nazari ba wajen zaɓen abin da za a faɗa. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta daɗe da ware abubuwa huɗu da suka fi kashe masu gini: faɗowa daga sama, faɗowar wani abu a kan mutum ko bugunsa, jan wutar lantarki, da matsewa a tsakanin abubuwa ko ruftawar rami. A can, faɗowa kaɗai ke ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin uku na masu mutuwa a aikin gini. Duk wanda ya san wuraren gininmu ya san huɗun nan ba baƙi ba ne a nan.

Na biyu, gani ya kori ji. A aji in zan koyar da rabawa, lemo nake kawowa in yanka. Shi ma wata safiya ya tsaya a hanya ya sayi kankana biyu. Ya ajiye ɗaya a ƙasa haka nan, ɗayar ya kifa mata hular kwano, ya sa kowa ya ja baya, sannan aka sako gutsuren bulo daga hawa na farko a kan kowacce. Ta farkon ta tarwatse, jan cikinta ya fantsama har kan silifas ɗin mutane. Ta biyun hular ce kawai ta samu tabo. Bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Suka yanka mai ran suka shanye ana dariya. Har yau in wani ya shiga ƙarƙashin masu aiki a sama da kai a buɗe, abin da za ka ji ana kira shi ne, "Kai, kankana!" Ya ruga ya ɗauko hularsa.

Haka ya yi da tsani. Ƙa'idarsa mai sauƙi ce: duk tsawon taku huɗu a sama, gindin tsanin ya nisanci bango da taku ɗaya, kansa ya wuce inda za a sauka da kamar mita ɗaya, a ɗaure shi a sama ko wani ya riƙe gindin, mai hawa kuma ya fuskanci tsanin, hannu biyu da ƙafa ɗaya ko ƙafa biyu da hannu ɗaya suna riƙe da shi a kowane lokaci. Wannan na ƙarshen shi ke nuna cewa ba a hawa da bulo a kafaɗa, da igiya ake jan kaya. Maimakon ya zayyano musu, sai ya jingina tsani ba daidai ba da gangan, ya ce wa zai gano laifi uku a nan. Wanda ya gano ya sha shayi da burodi a aljihun foman.

Ranar da za a haƙa ramin salga kuwa, ya kai su gaban sito ya nuna musu buhunan siminti 20 a jibge. Kowane buhu kilo 50 ne, ashirin ɗin tan guda ke nan. Ya ce ƙasar da ba ta fi mita ɗaya ba a tsawo da faɗi da zurfi ta fi wannan tulin nauyi. In gefen rami ya rufto a ƙirjin mutum, ko kansa na waje numfashi ba zai fita ba. Daga ranar ba a ƙara jibge ƙasar da aka haƙo a bakin rami ba, kuma ba mai shiga rami mai zurfi sai da wani a sama yana kallonsa.

Na uku shi ne ya rage maganarsa. Wannan ya fi yi masa wuya, don oga ya saba shi ke faɗa a ji. Amma a kowane wurin gini akwai dattijon da ya shekara talatin yana aikin, jikinsa duk tarihi ne. Akwai wani tsohon birkila da kowa ke kira Baba. Ranar maganar siminti maigidana ya ce, "Baba, nuna wa yaran nan ƙafarka." Dattijon ya cire takalmi ya nuna tabon da ya zagaye idon sawunsa, ya ba su labarin ranar da ya wuni a tsaye cikin ɗanyen kankare da yagaggen takalmi. Bai ji komai ba sai dare, da fatar ta fara saɓulewa. Ɗanyen siminti yana cin fata a hankali, ba ya zafi nan take kamar wuta, shi ya sa mutum ba ya farga sai ta ɓaci. Maganinsa na farko shi ne a cire abin da ya jiƙe, a wanke wurin da ruwa mai yawa na tsawon lokaci. Yaran da ba su taɓa sauraron takarda ba suka yi tsit, har da masu tambaya.

Daga nan aka buɗe wani fili da suka sa wa suna "saura ƙiris". Kowace safiya mutum ɗaya zai faɗi abin da ya kusa faruwa jiya amma Allah ya kiyaye: guduma da ta suɓuce daga sama ta faɗi kusa da wani, katako da ya motsa, waya da ta yi tartsatsi. Sharaɗin shi ne ba a cire wa kowa kuɗi ko a kore shi don ya faɗa. Makon farko babu wanda ya buɗe baki, sai da maigidana ya fara da nasa. Iyaye mata kun san wannan a gida: yaron da ake duka duk lokacin da ya faɗi gaskiya, ɓoyewa yake koya. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, amma sai an bari ka ga wutar tukuna.

Na huɗu, na hana shi tambayar "kun gane?" Babu malamin da bai san amsar wannan tambayar ba, ko ɗalibin da ke barci zai ce e. Sai dai a ce, "Zo ka nuna mana." Ɗaura bel ɗin nan mu gani. Ina za ka maƙala shi? In wayar injin haɗa kankare ta faɗa ruwa, me za ka fara yi? A Japan direbobin jirgin ƙasa suna da wata ɗabi'a ta nuna abu da yatsa su faɗi sunansa da ƙarfi kafin su wuce, kuma masu gini a can sun ɗauke ta, saboda abin da ido ya gani, hannu ya nuna, baki ya faɗa, ya fi zama a kai. Maigidana ya ari wannan. Kafin a watse, kowace ƙungiya za ta juya ta nuna wurin da ya fi haɗari a aikinta na ranar, ta faɗe shi kowa ya ji. Da farko kunya suke ji, yanzu har gasa suke yi.

Sai maganar harshe. A wurin gini guda za ki samu Bahaushe, da ɗan Nijar, da mai jin Turancin buroka kaɗai, da masu sa tayil daga Togo ko Benin da Faransanci ya fi musu sauƙi. Wanda bai ji ba ba zai ɗaga hannu ya ce bai ji ba, gyaɗa kai zai yi. Don haka aka samo mutum ɗaya a kowace ƙungiya da zai maimaita wa 'yan'uwansa da harshensu. Sabon zuwa kuma, ko da rana ɗaya zai yi, ba ya hawa sama sai an zagaya da shi an nuna masa wurin.

Akwai abin da ya fi duk waɗannan nauyi, shi ne kuɗi. Leburan da ake biya da yawan kwanon da ya ɗauka, minti goma a wurinsa abinci ne. In ka tsayar da shi kana wa'azi a kan lokacinsa, ba ya jinka, ƙidaya yake yi. Maigidana ya dage wa ɗan kwangila sai taron ya shiga cikin lokacin aiki, kuma kada ya wuce minti goma. Haka nan bai ƙara yin maganar abin da babu shi ba. Ba ka ce wa mutum ya sa safar hannu alhali ba ka ba shi ba. In wani ya kawo ƙorafi a taron safe, misali babu shinge a gefen hawa na uku, to a gyara a ranar, washegari a ce ga abin da wane ya faɗa, ga shi an yi. A ganina wannan ne ya sa suka yarda taron nasu ne. Da aka zo watannin zafi suka ce hular na dafa musu kai, sai aka ajiye randar ruwa a inuwa, aka mayar da aikin sama zuwa sassafe. Da azumi ma haka ake yi.

Kusan kullum akan samu mai cewa, "Oga, abin da Allah ya rubuta ba makawa." Maigidana ba ya musu da wannan, don shi ma ya yi imani da shi. Yakan tuna musu labarin da duk muka sani na mutumin da aka umarta ya ɗaure raƙuminsa tukuna sannan ya dogara ga Allah. Sai ya tambayi mai maganar, "Babur ɗinka da ka ajiye a bakin ƙofa, ka kulle shi ko ka bar wa ƙaddara?" A yi dariya, magana ta wuce, amma ta shiga.

Ba zan ce muku taron safe maganin komai ba ne. Ranar 1 ga Nuwamba 2021 wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a titin Gerrard da ke Ikoyi a Legas ya rushe, mutum sama da 40 suka rasu, galibinsu ma'aikata. Babu hular kwanon da za ta ceci mutum daga irin wannan. Ingancin rodi da siminti, da bin zanen da aka amince da shi, da haƙurin barin kankare ya yi ƙarfi, wanda injiniyoyi ke aunawa a kwana 28, duk nauyin masu gini ne da hukuma. Sai dai lebura shi ne mai fara ganin tsaga a ginshiƙi, shi ne mai jin katako na ƙara. Wanda ya saba buɗe baki kowace safiya ba a kore shi ba, shi ne zai iya cewa, "Oga, zo ka ga wani abu." A 2023 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa duk shekara sanadin haɗurra da cututtukan wurin aiki, kuma mafi yawansu cuta ce ke kashe su a hankali, irin wadda ƙura da sinadarai ke jawowa. Kowane ɗaya daga cikinsu akwai wadda ta haife shi.

To, mu da ke gida fa? Rabin wannan aikin a hannunmu yake, ko da wurin da ɗanki ke aiki ba a taɓa jin labarin taron safe ba.

In ya dawo, bayan sannu da zuwa, ki tambaye shi, "Yau a hawa na nawa ka yi aiki? Akwai shinge? Wa ya riƙe maka tsani?" Namiji ba ya son a ga kamar yana tsoro, amma tambayar uwa tana bin sa har wurin aiki. Ki duba hannunsa da ƙafarsa. In kin ga fata ta yi fari tana tsagewa ko ta yi ja, siminti ne, kada a jira. In ƙusa ta soke shi, a je asibiti a yi masa allurar tetanus, ba a tsaya ga toka da man ja ba. Kayan aikinsa a kaɗe su a waje, a wanke su daban, kada ƙurar ta shiga ɗakin da jarirai ke kwana. In yana yankan bulo ko tayil, ki matsa masa ya riƙa jiƙa wurin da ruwa, ya sa takunkumi, domin ƙurar na taruwa a huhu shekara da shekaru ba ta fita. In ana batun sayayya kuma, takalmi mai kauri ya fi sabuwar waya.

Kada kuma ya fita da cikin wofi. Ki sa ido a kan ƙwayoyin da ake tallata wa leburori da sunan maganin gajiya, musamman tramadol. Tana sa jiri da gyangyaɗi, tana iya jawo farfaɗiya, ga ta da kama mutum. Wanda ya sha ta ya hau hawa na uku, ba kansa kaɗai ya jefa a haɗari ba, har da na ƙasa da shi.

Ki kuma sani cewa a Najeriya akwai dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke kula da ita. Masu ɗaukar ma'aikata ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da suke biya, ba a cire wa ma'aikaci komai, domin a kula da wanda ya ji rauni a bakin aiki ko iyalin wanda ya rasu. Leburorin da ake biya kullum da yawa ba a rubuta sunansu ko'ina, shi ya sa yake da kyau ɗanki ya san sunan kamfani ko ɗan kwangilar da yake wa aiki, ke ma ki sani, ki kuma riƙe lambar wani abokin aikinsa.

In kuwa mijinki ne foman, ko ɗan kwangila, ko ma ku ne ke gina gidanku, to maganar ta zo har ɗakinki. Ki tambaye shi ko yana tara yaran mutane na minti goma kafin ya tura su sama. In ya ce ba sa saurare, ki tambaye shi me yake faɗa musu, da wane harshe, kuma me ke hannunsa lokacin da yake faɗa. Kuɗin kankana biyu bai kai na ɗaurin karaya ba.

Allah ya tsare mana mazajenmu da 'ya'yanmu a duk inda suke neman halal, ya dawo mana da su gida da ƙafafunsu.